Sola ta riga ta iso Jos, saura layin wutar da zai karɓe ta

Duk wanda ya hau wani tudu a Jos ya dubi rufin gidaje zai ga abin da babu shi shekara goma da suka wuce. Farantan sola sun hau kan kwano, daga manyan gidajen Rayfield har shagunan cajin waya na Titin Bauchi, daga masallatai da coci-coci har ƙananan ɗakunan shan magani na cikin unguwa. Ba gwamnati ce ta yi shelar a saka ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin ƙarfi, sai kowa ya zauna ya yi lissafinsa. Mai hali ya sayi faranti takwas da batirin litiyam, marar hali ya sayi guda ɗaya da zai kunna masa ƙwai biyu ya yi cajin waya.

Ina murna da wannan, domin duk gidan da yaro zai yi karatun dare ba tare da shaƙar hayaƙin janareto ba, an ci gaba. Amma akwai ɓangaren lamarin da ba a cika tattaunawa a kai ba, kuma shi ne ke hana ni sakin jiki. Duk rufin da ya cika da faranti, mai biyan kuɗin wuta ne guda ya juya wa babban layi baya. Kuma wanda ya fi kowa iya biya ne ke fara tafiya: mai otal, mai asibitin kuɗi, mai gidan burodi, babban ma'aikaci. Kuɗin kula da waya da falwaya da taransifoma da albashin ma'aikata kuwa ba ya raguwa don wasu sun tafi, sai dai a raba shi a kan waɗanda suka rage. Su wa suka rage? Mai walda, wanda injinsa ba zai tashi da faranti biyu ba. Mai injin niƙa. Telan da ɗinkin sallah ya taru a gabansa. Matar da ke ƙulla zoɓo da kunun aya tana jiran firji ya ɗauki sanyi. Ɗan haya da ba shi da ikon taɓa rufin gidan da yake ciki. In aka bar abin ya tafi a haka, za a wayi gari masu hali suna da haskensu, talaka kuma an bar shi da tsohon layi da bil mai nauyi.

Wasu sun riga mu shiga wannan hali. A shekarar 2024 kaɗai Pakistan ta shigo da farantan sola da ƙarfinsu ya kai kimanin megawat 17,000, yawancinsu daga Sin. Masu masana'antu da manoma da magidanta suka rage sayen wutar babban layi, nauyin kuɗin ya koma kan waɗanda ba su da halin fita. Mu ma a nan, a kasafin kuɗin 2025 an ware naira biliyan 10 don saka sola a fadar shugaban ƙasa. Ban ga laifin a saka sola a fadar ba, amma duk mai hankali ya fahimci abin da hakan ke nufi game da amincewa da layin da aka bar mu a kai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayina a nan shi ne, sola ba za ta tsaya ba, kuma bai kamata wani ya yi tunanin tsayar da ita ba. Aikin da ke gabanmu shi ne a gyara layin ta yadda zai iya karɓar ta ya raba amfaninta ga kowa. Gyaran nan kuma, a ganina, daga awo zai fara, kafin a zo maganar sabuwar tashar samar da wuta.

Babbar cutar layinmu ita ce ba ya gani. Idan wuta ta ɗauke a unguwa, sau da yawa ofis ba ya sani sai wani ya buga waya ko ya taka ya je. Ba wanda ya san nauyin da taransifoma ke ɗauke da shi sai ranar da ta yi ƙara ta ƙone, sannan a shiga zagaye gida-gida ana karo-karo, duk da cewa hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta ta sha nanata cewa sayen taransifoma da waya haƙƙin kamfanin raba wuta ne. Kusan rabin masu amfani da wuta da ke cikin rajista a ƙasar nan ba su da mita, bil na kintace ake rubuto musu. Babu wanda zai je kasuwar Katako ya yarda a zuba masa masara a buhu babu mudu, a ce ya biya abin da mai sayarwa ya ƙiyasta, amma da haka ake sayar wa miliyoyin mutane wuta kowane wata. Musulminmu da Kiristanmu duk an karantar da mu haramcin tauye mudu, to ina ga cinikin da babu mudun gaba ɗaya? A 2020 NERC ta sa iyaka a kan abin da za a iya kintata wa marar mita, kuma a Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanonin raba wuta goma sha ɗaya naira biliyan 10.5 saboda sun ƙetare iyakar. Tarar ta yi daidai, sai dai tara ba ta maye gurbin mita.

Rashin awon nan ya fi fitowa fili a tsarin rukuni-rukuni. An kasa masu amfani da wuta gida biyar: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Hujjar ita ce, wanda ke samun awa 20 ya biya ainihin kuɗin wuta, a bar tallafi ga sauran. Ni ban ƙi wannan hujja ba. Tambayata ɗaya ce: wa ke ƙirga awannin? Idan wanda ke sayarwa shi ne ke riƙe da agogo, mai saye kuma ba shi da wata hanyar tabbatarwa sai abin da idonsa ya gani, gardama ba za ta ƙare ba. Mutum zai rantse wutar ba ta kai awa goma ba, takarda ta ce ta kai ashirin. Mai yiwuwa ma dukansu gaskiya suke faɗa, domin ana iya samun wuta a babban layin da ya fito daga tasha alhali taransifomar unguwa ta kwana biyu a kashe, ko wutar ta zo ba ƙarfi, ko fanka ba ta juyawa.

Abin da nake kira a yi ba wani abin al'ajabi ba ne. A ɗaura wa kowace taransifoma da kowane layi mitar zamani mai aika bayani da kanta ta hanyar layin waya, kowane 'yan mintuna. Irin wannan mita tana faɗin lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi, da ƙarfin da ta zo da shi, da nauyin da ke kan kowace waya daga cikin wayoyi ukun da ke fita daga taransifoma. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kowa ya san al'adar canza layi: da wuta ta yi rauni a waya ɗaya sai kowane gida ya zare fiyus ya mayar kan wadda ta fi ƙarfi, har jama'ar unguwa su taru a kan waya ɗaya, ta yi zafi, taransifoma ta ƙone. Injiniyan da ke ganin wannan a kan kwamfutarsa zai iya turo ma'aikata su daidaita nauyin tun kafin a yi asara. Kuɗin mitar nan bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar taransifoma ba.

Sharaɗin da na fi ba muhimmanci kuwa shi ne kada bayanan su tsaya a ofis. A buɗe su. Mai unguwa da shugaban 'yan kasuwa da kowane magidanci su iya aika gajeren saƙo ko su buɗe manhaja su ga cewa taransifomarsu ta samu awa kaza a makon jiya, yunit kaza ya shigo, kuɗin yunit kaza aka biya. Hukuma ma ta riƙa karɓar bayanan kai tsaye daga mitar, ba sai sun bi ta hannun wanda ake bincika ba. Inda alƙawarin awa 20 bai cika ba, kwamfuta ta mayar wa mutane rarar kuɗinsu a matsayin yunit, ba sai sun rubuta takardar ƙorafi ba. Mita ta auna kamfani kamar yadda take auna mu. Fasahar da ta tsaya a kan tabbatar da cewa talaka ya biya kafin ya sha, ba ta taɓa tambayar ko an ba shi abin da ya biya ba, rabin aiki ta yi, kuma jama'a za su ɗauke ta abokiyar gaba.

Awon nan zai taɓa mu ma, kuma dole a faɗa. Akwai satar wuta a unguwanninmu. Akwai masu zagaye mita su haɗa hita da dutsen guga ta baya, akwai masu saƙala waya da dare su sauke da asuba, kuma ba talakawa kaɗai ba ne, har da manyan gidaje da masu sana'a. Wanda bai yi ba yakan kau da kai, yana ganin kamfani ake cuta. Alhali duk yunit ɗin da aka sata, a kan maƙwabci marar mita ake jibga shi, ko kuma a rage wa unguwar awanni saboda ba ta kawo kuɗi. Ranar da mitar taransifoma ta nuna yunit dubu ya shigo amma na ɗari shida aka biya, maganar ta dawo gida, sai mu dubi juna. Na fi son wannan kunyar a kan zargin da ba shi da tushe da muke jefa wa juna yanzu.

Haka abin yake a sama, a babban layin ƙasa. Wutar lantarki ba ta jira: abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a cikinta ake shanye shi. Injinan da ke tashoshi duk suna juyawa tare a kan bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. Idan wata babbar tasha ta rasa iskar gas ta faɗi, ko wani babban layi ya katse, buƙata ta fi abin da ake samarwa, sai bugun ya yi ƙasa. In ba a yi maza an rage nauyi ko an ƙaro wuta daga wani wuri ba, sauran injinan sukan kashe kansu don kada su lalace, ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu ƙasa ta shiga duhu. Wannan shi ne abin da ake kira durƙushewar babban layi, kuma ya faru fiye da sau goma a 2024. Cibiyar da ke kula da wannan tana Osogbo, kuma maganin da duniya ta sani shi ne tsarin SCADA, wato na'urorin da ke nuna wa mai kula halin kowace tasha a lokacin da abin ke faruwa, su kuma ba shi damar buɗewa ko rufe layi daga inda yake zaune. Namu bai game dukkan tashoshi ba. Abin da ke faruwa cikin daƙiƙu kuwa ba a tare shi da kiran waya.

An sha yi mana alƙawura a nan. Yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Siemens a 2019 ta yi maganar kai wuta megawat 7,000, sannan 11,000, sannan 25,000. Har yanzu abin da ke isowa ga mutane fiye da miliyan 200 yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000 a mafi yawan ranaku, alhali tashoshin da aka girka sun kai kimanin 13,000. Ratar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce labarin: ƙarancin gas, bashi, tsofaffin layuka, da makantar da nake magana a kai. An cire aikin kula da tafiyar wuta daga hannun TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan dakon wuta na ƙasa, an ba sabuwar hukuma mai suna NISO. Ina fatan abin farko da za a tambaye ta kowace shekara shi ne tashoshi nawa take gani yanzu daga ɗakin kulawa.

Mu 'yan Arewa muna da ƙarin dalili. Mafi yawan wutar ƙasar nan daga iskar gas take, tashoshin gas ɗin kuma kusan duk suna Kudu. Mu muna ƙarshen dogayen layuka ne. Ba za mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ke biyowa ta Makurdi ya kawo mana wuta nan Jos, shi ma ya faɗi. Jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Ƙanƙara ta yi tsada, ruwa ya yi wuya saboda ba a iya tayar da injin rijiyar burtsatse, masu sana'ar hannu suka zauna, asibitoci suka ƙona dizal har suka gaji. A duk kwanakin nan rana tana fitowa kullum a kanmu. Yankin da ya fi kowane samun hasken rana a ƙasar shi ne ya zauna yana jiran a gyara waya a wani daji mai nisan ɗaruruwan kilomita.

A 2016 gwamnati ta sa hannu da kamfanoni goma sha huɗu don gina manyan gonakin sola, jimillar ƙarfinsu ya haura megawat 1,000, yawancinsu a Arewa. Taƙaddama kan farashi da lamunin biya ta cinye shirin, ba a ga wutarsu ba. Abin da muka gani a ƙasa ƙanana ne: megawat 10 na Kumbotso a Kano da aka buɗe a Janairun 2023, da megawat 7.1 na Jami'ar Bayero tun 2019. Sun nuna abin yana yiwuwa, amma ba su kai cikin cokali ba a kan buƙatar.

To amma sola tana da halinta, kuma masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Ƙarfinta yana kai maƙura da tsakar rana, mu kuwa mun fi buƙatar wuta bayan magariba. Hadari ɗaya ya taso, abin da faranti ke bayarwa ya faɗi cikin mintuna. Mu a Jos muna da sa'a ta wani gefen, domin tsayin wurin ya kai kimanin mita 1,200, faranti kuma ya fi ba da wuta cikin sanyi a kan cikin zafi mai tsanani. Amma muna da watan Agusta da ake kwana biyu ko uku rana ba ta buɗe ido ba, muna da hazon hunturu da ƙurar da ke kwantawa a kan gilashi. Ƙari a kan haka, wutar sola ta cikin inbata take fitowa, wato na'urar da ke juya ta zuwa irin wutar layi, ba ta da nauyin babban injin da ke juyawa wanda ke riƙe bugun layi idan an samu girgiza. Ko ƙasashen da suka yi nisa suna koyon wannan darasi. A ranar 28 ga Afrilun 2025 Sifaniya da Fotugal sun shiga duhu, kuma binciken gwamnatin Sifaniya ya nuna gazawa wajen daidaita ƙarfin wuta a layin. Duk wanda ya zuba sola mai yawa a kan layin da ba ya gani, ya ƙara masa wata matsalar.

Shi ya sa maganar sola da maganar awo ba sa rabuwa. Layin da ke gani zai iya amfani da hasashen yanayi ya san gobe da azahar hadari zai rufe Filato, ya tanadi madadin. Zai iya umartar manyan batura su sha wuta da rana su sake ta da dare. Kuma muna da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi, wato madatsun ruwa: Kainji mai megawat 760, Jebba, Shiroro mai 600, da Zungeru mai 700, duk a yankin nan namu na Arewa. Da rana, idan sola na aiki, a rage sakin ruwa. Da magariba a buɗe. Da rani, lokacin da ruwa ke ja baya, lokacin ne sararin sama ya fi washewa. Allah ya riga ya haɗa mana biyun, tsara su ne ya rage, kuma tsarawar aikin kwamfuta ne da mutanen da suka san ta.

A matakin unguwa ma akwai asarar da ake yi kullum ba a lura. Gidan da ke da faranti takwas, batirinsa yakan cika tun kafin azahar, sauran hasken ranar ya tafi a banza, alhali mai niƙa a bayan katangarsa yana zaune babu wuta. Makarantar da ta saka sola tana rufe Asabar da Lahadi da duk lokacin hutu. Da akwai mita mai ƙirga shiga da fita, da mai rarar wuta ya tura ta layi an rubuta masa, ya cire da dare ko a biya shi. Wannan kaɗai zai sa mai hali ya ga amfanin zama a kan layin maimakon yanke waya. Sai dai ba abin da za a yi da ka ba ne. Idan gida yana tura wuta waje alhali an kashe layi don gyara, ma'aikacin da ke kan falwaya zai iya rasa ransa. Dole inbata ta zama irin wadda ke yanke kanta da zarar layi ya mutu, dole a yi rajistar kowace, dole taransifoma ta san abin da ke dawo mata. Ba a fafe gora ranar tafiya; ƙa'idojin nan yanzu ya kamata a kafa su, tun farantan ba su ninka haka ba.

Hanyar da na fi ganin ta dace da talaka ita ce ƙaramin layin unguwa mai haɗe da babba. Wani kamfani ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin raba wuta da jama'ar wuri, ya gyara wayoyin, ya saka wa kowa mita, ya girka sola da batir a wuri ɗaya. Idan akwai wutar babban layi a saya daga can, idan ta ɗauke a juya kan sola, mai shago bai ma san an juya ba. An gwada wannan a kasuwar Wuse a Abuja da garin Toto a Jihar Nasarawa. Ɗan haya da mai walda, waɗanda ba za su taɓa mallakar rufi cike da faranti ba, ta nan ne za su ci moriyar rana. Ina tunanin kasuwar Farin Gada, inda tumatir da kabeji da karas ke ruɓewa saboda babu ɗakin sanyi, da manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da ke sayarwa da arha a kaka don ba su da wurin ajiya. Buƙatarsu da rana take, lokacin da sola ta fi ƙarfi. Akwai kuma kuɗin da za a nema: a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na faɗaɗa samun wuta ta hanyar sola da makamantanta, da hukumar samar da wuta a karkara (REA) ke gudanarwa, wanda irin waɗannan ayyuka ke cikinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Filato. Tun 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra domin masu haƙar kuza, shekara kusan arba'in kafin a kammala Kainji a 1968. Ƙasar nan tamu ta san wutar da ake samarwa a gida a sha a gida tun kafin a haifi NEPA a 1972. Yanzu kuma doka ta dawo da damar. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, kuma Enugu da Ekiti da Ondo sun fara karɓar nasu tun 2024. Abin da nake tsoro shi ne jihohi su ɗauki ikon nan su ƙare a kan naɗa shugabanni da sayen motoci. Gwamnan da ke son a tuna da shi a wannan fanni ya fara da abin da ba a yanka masa kyalle: mita a kan kowace taransifoma, da dokar da ta wajabta buɗe bayananta.

Na san akwai masu shakka, kuma shakkarsu tana da tushe. Mitar da ake sarrafawa daga nesa tana iya yanke wa mai jinya wuta da tsakar dare ba tare da wani ya dubi fuskarsa ba, don haka dole doka ta tanadi ɗan yunit na lamuni da gargaɗi kafin yankewa. Layin waya yakan ɗauke, don haka mita ta iya ajiye bayani har ya dawo. Mitar da ke rubuta amfani da wuta kowane 'yan mintuna tana bayyana lokacin da gida ke da mutane da lokacin da babu kowa, kuma a garin da ya san rashin tsaro wannan ba bayanin da za a bari a hannun kowa ba ne: na taransifoma a buɗe, na gida a killace. Mun kuma ga yadda aka sha fama a Nuwamban 2024, lokacin da aka ce kowa ya sabunta mitarsa ta kati da wasu lambobi kafin ranar 24 ga wata, dattawa da yawa sai da 'ya'yansu suka yi musu. Duk tsarin da za a kawo, a yi bayaninsa da Hausa da Berom da Ngas da sauran harsunanmu a rediyo, kada a tsaya a shafin intanet.

Shakkar da ta fi damuna ita ce ta gyara. Mun saba ganin na'ura mai tsada da aka kawo daga waje, ta yi shekara biyu, wani ɗan abu ya lalace a cikinta, a rufe ta da leda ana jiran ɗan kwangilar da ya riga ya koma ƙasarsu. Fitilun kan titi masu sola da suka mutu a garuruwanmu sun isa shaida. Matasan da ke hawa rufi suna ɗaura faranti a yau, da yawansu a wurin maigida suka koya, kuma suna da basira, amma ba wanda ya koya musu auna nauyi ko kariyar tsawa, ga jabun farantai da batura sun cika kasuwa. Muna da Jami'ar Jos, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Barkin Ladi. Duk kwangilar mita ko sola da za a sa wa hannu a jihar nan, a rubuta a cikinta adadin matasan da za a horar a ba su takardar shaida, da wurin da za a ajiye kayan gyara a cikin Jos, kuma kada a biya kason ƙarshe na kuɗin sai an ga yaranmu sun kwance na'urar sun mayar da hannunsu.